Khairat Tana Barci a Jikin Bango

Salford, ranar Talata

Yaya Raki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam Gidaɗo da ƙafarsa, da fatan sanyin nan bai tayar masa da ita ba. Na gama gaisuwa. An yi mini tarbiyya, shi ya sa na fara da ita, amma ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Kada ki neme ni a waya. Na goge WhatsApp gaba ɗaya, na fita daga rukunin matan Manchester, da na dangi, har da na 'yan ajinmu na sakandare. Idan na kira ki ihu zan yi, ke kuma ki ajiye wayar a kan keken ɗinki ki ci gaba da aikinki kamar yadda kika saba. Takarda kuwa dole ki riƙe ta da hannunki.

Shekaranjiya Hajar, matar Injiniya Sa'id, ta sako hoto a rukuni. Wai ƙanwarta ce ta leƙa wani ɗakin taro a Selly Oak, unguwar jami'ar 'yata, ta tarar wasu 'yan Filifin suna nunin zane-zanen fenti, ta ga abin mamaki ta ɗauko. A ƙarƙashin hoton Hajar ta rubuta: "Ikon Allah, kamar Daktarmu." Kamar! Ni na haifi yarinyar nan, Yaya. Na san tabon haɓarta, na san mayafin nan ruwan zuma, ni na sayo shi a Kantin Kwari. Khairat ce, an zana ta kwance a tabarma a tsakiyar lambun shaƙatawa, ba takalmi, baki a buɗe, kanta a kan cinyar wani mai baƙin wando. An yanke hoton daidai ƙirjinsa, ba a ganin fuska. Hannu kawai ake gani, ƙato, a kan kafaɗarta.

Kin san matanmu. Ba wadda ta fito fili ta ce komai. "Allah ya shirya mana zuri'a." "Amin." "Amin ya Rabbi." Amin ta yi ta zuba kamar ana rabon sadaka. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi, don zagi yana da amsa.

Na kira Khairat, ba ta ɗauka ba. Saƙo ɗaya ta turo: "I'm fine Umma, busy." Tun bayan babbar Sallah haka take, busy, busy, ni kuma sakarya ina jin daɗi, ina cewa ɗalibar likitanci a shekara ta uku ina za ta ga lokaci. Ashe lokacin yana nan, har da na kwanciya a zana ta.

Ranar da muka kawo ta jami'a, a falonki na zauna na ce, "Yaya, ga amana." Kika ce in tafi in yi barci har da munshari. Daga unguwarku Lozells zuwa Selly Oak tafiyar Makka ce? Ba ki gani ba ne, ko kin gani kin kama bakinki? Abbanta yana Kano wajen Hajiya, ban faɗa masa ba, hawan jininsa ya ishe shi. Hajiya kuwa kullum sai ta tambayi Dakta, ta gama shaida wa unguwa cewa jikarta ce za ta zo ta duba mata gwiwa.

Wane ne mai wandon? Tun yaushe? Ke kuma me kika sani?

Ki amsa mini kafin in yi abin da za mu yi ta jin kunyarsa. Na bar ki lafiya.

Ƙanwarki,
Batulu

*

Lozells, ranar Juma'a

Batulu ƙanwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso lafiya, duk da na yi mamakin da ba ta ƙone a hannun mai kawo wasiƙa ba. Malam yana amsawa, ƙafa da sauƙi. Ya ce in gaya miki rabon da a aiko wa gidan nan wasiƙar da ba ta hukumar gari ba har ya manta, don haka ya gode.

Amana tana nan, ban yar da ita ba. Kowace Juma'a Khairat tana gidan nan. Yanzu haka da nake rubutu ta tafi da sauran tuwo a roba. Na san inda take kwana, na san inda take wuni, na san waɗanda take zama da su. Akwai magana, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ta sa na yi mata alkawari ita za ta faɗa miki da bakinta, kuma tana ta tattara ƙarfin yin hakan. Na ce mata uwarki ba dodo ba ce. Ta ce, "Anti, ke yayarta ce, ba ki taɓa kawo mata sakamakon jarrabawa ba."

Abin da zan iya rantse miki shi ne, babu abin da zai sa ki sunkuyar da kai a gaban Allah. A gaban Hajar kuwa ban sani ba, ba ni da ma'aunin wannan.

Ke da kika cika gida da littattafai har Abban Khairat ya rasa inda zai ajiye hularsa, yaushe kika fara yanke wa labari hukunci da rabin shafi? Hoton da aka turo miki guntu ne. Zanen yana nan a rataye har ƙarshen wata, a ɗakin taron wata coci a bayan Bristol Road, kuma shiga kyauta ne. Ni na je. Na ga fuskar mai wandon, har mun gaisa, har na sha shayi. Ba zan faɗa miki ba, ki shiga jirgin ƙasa ki zo ki gani da idonki, ko iska kya sha.

Idan kin zo ki biyo, zan yi miki ɗanwake. Ki bar ihun a Manchester, nan maƙwabta muna haɗa bango.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Yayarki,
Raki

*

Salford, ranar Lahadi

Yaya Raki,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, wannan karon da gaske. A gaishe da Malam.

Jiya na zo garinku ban biyo ba, kuma da gangan. Ki ci ɗanwakenki. Har yanzu ina da sauran fushi da ke, amma ya zama irin wanda ake ajiyewa a yi amfani da shi a hankali.

Na fito da niyyar mari, sai ga ni a jirgi da robar dambun nama a jaka. Ban san lokacin da na zuba shi ba. Na sauka, na nemi cocin, na shiga ɗakin. Kujerun roba, warin fenti da na kofi, zane-zane a jere a bango. Ban kalli ko ɗaya ba, na miƙe wajen babban da ke ƙurya.

Yaya, mace ce. Tsohuwa ce mai gajeren gashi fari fat, ga damatsa kamar na mai dakan sakwara. Hannu ɗaya a kafaɗar 'yata, ɗayan yana riƙe da lema, tana kare mata fuska daga rana. Wannan ne kwarton da ya hana ni barci, wanda matan Manchester suka yi wa addu'a. Na zauna a kujera na yi ta dariya, dariyar ta koma wani abu daban, na lalubo hankici.

Wata 'yar gajeriyar mata mai tabarau ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce da Turanci, "Ke ce Umma."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Kin shigo kamar mai neman wanda za ta kai kotu, kuma jakarki tana ƙamshin abinci. Uwa ce kaɗai take haɗa biyun nan."

Sunanta Nenita, nas ce a wani gidan kula da tsofaffi, ita ce mai zanen. Tsohuwar mai lema kuma Perla, a kicin ɗin gidan take aiki, suna ce mata Ate Perla, wato Yaya Perla. Ban bari dariya ta sa na manta da abin da ya kawo ni ba.

Na ce, "Da izinin wa kika rataye mini 'ya a bango?"

"Da nata. Ai ba yarinya ba ce."

"A wajenmu ba a gama girma da shekaru."

"A wajenmu ma. Na haura hamsin, amma ranar da na aske gashina sai da uwata ta yi taron dangi a kai, daga can ƙauyenmu, ta bidiyo."

"Me kuke ba ta ta ci? Na san abin da kuke dafawa."

"Kaza daga shagon Musulmi, tukunyarta daban, cokalinta daban. Ate Perla ta fi limaminku tsanani, ranar da wani ya kusa tsoma cokali a ciki sai da ta buge masa hannu."

To, sai na rasa ta inda zan kama ta. Na tashi na kalli zanen sosai, kamar yadda kika ce, shafi cikakke.

Daga nesa walima ce. Lahadi, rana ta fito, an shimfiɗa tabarmi, ga taliyarsu da soyayyen abu a faranti, mata da maza suna ta washe baki. Matso kusa ki gani. Ba wanda ya taɓa abincin, an jera shi ne don a ɗauka a hoto. Kusan kowa waya ce a hannunsa, a ɗage sama, yana nuna wa na gida. Wata tana yi wa wayarta murmushi har kunne, amma can ƙasa inda kyamara ba ta kaiwa, ƙafarta ta kumbura ta fi ƙarfin takalmi, ɗaya hannun yana matsa ta. A gefe wani yana zaune a kan ƙaton kwali yana danne shi da nauyinsa, matarsa tana naɗa salatif. Nenita ta ce kwalin tsaraba ne da suke aikawa gida, shekara guda ana tara masa sabulu da man goge baki da takalman yara, kuma duk wanda ba a sa sunansa a kan wani abu a ciki ba, an yi gaba ke nan.

Ta ce, "Idan muka aika hoto muna a gajiye, uwa ba za ta yi barci ba. Idan muka aika muna cikin jin daɗi, ƙane zai ce ashe akwai rara, ya tuna yana son babur. Shi ya sa muke neman tsakiya. Murmushi, amma da tsohuwar jaket."

Na duba. Wallahi kowa a zanen tsohuwar jaket ce a jikinsa.

Na zaga sauran. Akwai na wasu a kicin ɗin wani gida suna waƙa da makirufo, mai waƙar ta buɗe baki iya ƙarfinta, idonta yana kan agogon bango, rigar aiki tana leƙowa ta ƙarƙashin rigar kwalliya. Akwai wanda ya fi tsaya mini. Bakin teku a can ƙasarsu, dangi kaf suna cikin ruwa, yara da manya. Mace ɗaya ce a gaɓa, wadda ta zo hutu daga Ingila, tana zaune a tsakiyar takalmansu da jakunkunansu tana gadi, ga masu talla sun yi layi a gabanta don duk an nuna musu ita. Yaya, ban taɓa zuwa ƙasar Filifin ba, amma na san matar nan. Na san zafin rairayin da take zaune a kai. Ke ma kin san shi, ki tuna zuwanmu gida na ƙarshe, da muka dawo muna neman hutun da za mu huta daga hutu.

Na dawo wajen babban na ce wa Nenita, "To ita tawa me ya kawo ta tsakiyarku?"

Ta ce, "Shekara da shekaru ina zana mutanenmu suna hutawa, ban taɓa samun wanda ya huta ba. Ranar nan 'yarki ta ci taliya, ta jingina da Ate Perla, sai ta tafi. Duk muka rage murya. Har munshari ta yi."

"'Yata ba ta munshari."

"Tana yi."

Sai a lokacin na ga abin da ya kamata in gani tun farko. A ƙarƙashin mayafin Khairat akwai wuyan riga shuɗiya, irin ta jikin matar mai kumburarriyar ƙafa, irin ta mai waƙa a kicin. Rigar aikin gidan tsofaffi. Ɗalibar likitanci a shekara ta uku ba ta da lokacin wannan aikin. Na juya na kalli Nenita. Ta cire tabaranta tana gogewa, ta ce, "Wannan labarin ba nawa ba ne, ba zan ba ki ba."

Ban matsa mata ba. Na tsaya ina kallon fuskar 'yata, ina ƙoƙarin tuna rabon da in gan ta haka, goshi a sake, ba ta shirya wa kowa fuska ba. Abin da ya zo mini shi ne hoton Sallar bana a bakin ruwan Salford, mu duka cikin anko, ina ce mata, "Dakta, gyara tsayuwa, yi murmushi, Hajiya za ta gani." Ta yi murmushin kuwa. Yana nan a falo, na ɗauke shi na duba da na dawo. Murmushin matar mai kumburin ƙafa ne sak.

Nenita ta ce Khairat tana bakin aiki, ta kwatanta mini gidan. Na je har bakin titi, na ga ƙofar, na juyo. Idan na shiga, Dakta ce za ta fito ta tarye ni, ni kuma ba ita nake nema ba. Na koma na bar dambun a hannun Nenita, na ce ta ba ta, kuma a ɗiba wa mai lema.

Ko me yarinyar nan ta ɓoye, tana da rai, tana da lafiya, tana salla a gidanki, akwai mai riƙe mata lema. Jiya na yi barci kamar an jefa ni rijiya.

Ki gaya mata ina jira. Ki gaya mata ba sauri. A'a, kada ki ce ba sauri, ta san ƙarya ce.

Na bar ki lafiya.

Batulu

*

Selly Oak, ranar Alhamis

Ummata,

Assalamu alaikum. Ina wuni, ya aiki, ya kewar Abba? Anti Raki ce take gyara mini Hausar, ta ce idan na rubuta da Turanci za ki ce ina ɓuya a bayansa.

Na ga dambu. Na yi kuka a ɗakin canza kaya. Ate Perla ta cinye kusan rabi, tana tambaya ko kina sayarwa.

Umma, na faɗi babbar jarrabawar ƙarshen shekara. Da lokacin sakewa ya zo, na isa bakin ɗakin, numfashina ya ɗauke, na kasa shiga. Na ga likita, na ga mai ba mu shawara a jami'a. Ba su kore ni ba. Sun ba ni hutun shekara ɗaya, gurbina yana nan, zan iya komawa a watan Satumba. Na kama aiki a gidan tsofaffi don kada in zauna a ɗaki ina kallon bango, kuma don kada in dawo gida ki tambaye ni dalili.

Kullum ina cewa gobe zan faɗa miki. Sai ki kira ki ce, "Dakta, ya karatu?" sai in ce lafiya. Tun ina firamare ake kirana haka. Hajiya, su Kawu, har mai gadin gidan Hajiya. Ban san yadda ake cewa mutane da yawa haka su dakata ba.

Su Ate ba su san ni da wani suna ba sai Khairat mai jinkirin gyaran gado. Kowaccensu tana ɗauke da gida guda a kanta, nawa bai kai nasu ba, amma ba su taɓa ce mini haka ba.

Ina jin ina son komawa. Aikin nan ya sa na gane ina son marasa lafiya, jarrabawa ce take tsorata ni. Amma ban tabbata ba tukuna, kuma ina roƙon a bar ni in yi rashin tabbas ɗin na ɗan lokaci.

Na ji abin da aka yi a rukuninku. Ki yafe mini kunyar da na jawo miki. Idan kin ce a sauke zanen, Nenita ta ce za ta sauke.

Zan iya zuwa gida ranar Asabar?

'Yarki,
Khairat

*

Salford, ranar Juma'a

Khairat,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Allah ya yi miki albarka.

Shekara ɗaya? A kan shekara ɗaya kika sa na kusa kai tsohuwar mutane kotu? Ni na ɗauka duniya ce ta tashi.

Kada a sauke zanen. Na mayar da WhatsApp, na koma rukuni, na saka shi cikakke, da Perla da lemarta da furfurarta, na rubuta: "Ga surukin nawa, a taya ni murna." Har yanzu ban ga amin ko ɗaya ba. Hajar ta kira, na bar wayar ta yi ta ƙara, ta ji yadda busy take.

Na gaya wa Abbanki. Ya ce me ya sa kika rame a zanen. Hajiya kuma ta ce gwiwarta ta yi shekara ashirin tana ciwo, ba ta ga abin da zai hana ta ƙara ɗaya ba, a dai ba ki abinci. Maganar sunan nan ni zan bi dangi gida-gida da ita, kin san ba a gardama da ni a ci riba.

Ki ce wa Antinki tana bina bashin faɗa ɗaya, zan zo in biya ta a kan ɗanwake. Ki ce wa Perla ba na sayarwa, amma robarta tana nan tafe.

Ki taho Asabar. Na wanke zanin gadonki. Kada ki ɗauko littafi ko ɗaya, kada ki shirya mini bayani. Ki zo ki ci abinci ki kwanta a falo, cinya ba Perla kaɗai Allah ya ba ba. Ba wanda zai ɗauki hoto.

Ina so in ji munsharin nan da kunnena, don har yanzu ban yarda ba.

Ummanki